Hukuncin wasan gina tsohon birni a kan takarda

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni da abokaina muna wani wasa da biro da takarda. Kowa zai zana birni irin na mutanen da, a ba shi kuɗin wasa ƙayyadaddu, ya raba su tsakanin ganuwa, rijiyoyi, kasuwa da rumbunan hatsi. Ana jefa ɗan lido don a san ko shekarar ta zo da fari ko da yalwa. A dokokin wasan akwai gina ɗakin bautar gumaka, kuma yana ƙara maki. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, asalin wasan nan halal ne, domin ƙa'idar malamai ita ce al'amuran al'ada a kan halacci suke har sai dalili ya hana. Har ma ina ganin alheri a cikinsa. Wanda ya zauna yana tunanin ko ya fara da rijiya ko da ganuwa, alhali abin hannunsa ba zai ishi duka biyun ba, yana koyon tattali ne. Sa'ad da halifa Abu Ja'afar Mansur ya fara gina Bagadaza a shekara ta 145 bayan Hijira, wato 762 Miladiyya, ya yi ta a siffar da'ira, mai ƙofofi huɗu: ta Kufa, ta Basra, ta Khurasan da ta Sham. An san shi da bin diddigin lissafi har aka yi masa laƙabi da Abud Dawaniƙ, daga sunan wani ƙaramin kuɗi na zamaninsa. Zanen gidaje da ganuwa ma babu laifi, don Ibnu Abbas ya ce wa mai sana'ar zane ya zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai.

Inda matsalar take shi ne ɗan lidon. Imam Muslim ya ruwaito daga Buraida cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi wasan nardu kamar ya tsoma hannunsa ne a naman alade da jininsa. Imam Malik kuma ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abu Musal Ash'ari cewa wanda ya yi wasan nardu ya saɓa wa Allah da Manzonsa. Nardu wasa ne da ake tafiyar da shi da jefa 'ya'yan lido, kuma jumhurun malamai sun haramta shi ko da ba a sa kuɗi ba. Abin da aka yi saɓani a kai shi ne dalilin hanin. Wasu sun ce wancan wasan ne kaɗai ake nufi. Wasu, musamman daga malaman Shafi'iyya, sun ce duk wasan da ya dogara da sa'a da ƙirdado hukuncinsa na nardu ne, wanda kuwa ya dogara da tunani da lissafi ya fi sauƙi. Wasanku yana tsakiya: galibinsa lissafi ne, amma jifa ɗaya tana iya rushe aikin mutum. Don haka ba zan ce muku shi ne nardu kai tsaye ba, amma lafazin hadisan nan yana da tsanani, kuma ba na son Musulmi ya kusanci wurin saboda abin da yake da mafita mai sauƙi.

Ga mafitar. Kafin a fara, ku ɗora wa mutum ɗaya ya rubuta abin da zai faru a kowace shekara ta wasan: ta farko yalwa, ta uku fari, ta biyar harin maƙiya. Ya naɗe takardar, a riƙa buɗewa layi-layi. Abin da ya sami birnin wannan shi ya sami na wancan, sai a ga wanda ya cika rumbunsa tun da wuri. Idan kuwa kuna son sanin wanda zai fara, ku yi ƙuri'a, ta halatta. A'isha (RA) ta ba da labarin cewa Annabi (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya.

Ɗakin gumaka kuma ku soke shi daga dokokin. Ba na cewa wanda ya zana shi ya yi shirka, tunda bai ƙudurta komai ba. Amma sanin cewa mutanen Babila da na Rum sun bauta wa gumaka ilimin tarihi ne, alhali ka ware masa kaso daga kasafinka kana murna ya ƙara maka maki wani abu ne dabam, musamman idan akwai yara a wurin. Ku sa makaranta ko gidan jinya a gurbinsa, da makin iri ɗaya. Haka nan idan akwai rance da ruwa a dokokin, ku cire shi, ko da kuɗin na takarda ne, kada zuciya ta saba.

Sai abu biyu da ba su da saɓani. Idan kowa ya ajiye kuɗi na gaske ko wani abu mai daraja wanda ya ci ya kwashe, ya zama caca, haramun ce da nassin aya ta 90 a Suratul Ma'ida. Aya ta 91 kuma ta ambaci gaba da ƙiyayya da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Idan aka kira salla, a kife takardun a tashi.

Wallahu a'alam.