Likita Ya Amsa: Duka Ba Ya Warkar da Ciwon Damuwa

Tambaya: Likita, da gaske China ta taƙaita wa yara wasan gem na intanet?

Amsa: Da gaske ne. Tun 2021, wanda bai kai shekara 18 ba awa ɗaya aka ba shi, ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da na hutu.

Tambaya: Ina zaune a birnin Yiwu na China. 'Yar maƙwabciyata ba ta barci saboda gaokao, jarrabawar shiga jami'a. In sammata ƙwayar barcina?

Amsa: Kul, Hajiya! Ki ce wa uwarta ta kai ta asibiti.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Guangzhou, matata 'yar China ce. Ɗanmu mai shekara 14 ya daina cin abinci, yana kulle kansa a ɗaki da waya. Na zane shi, bai sauya ba. Surukata ta ce a kai shi makarantar horon masu jarabar intanet.

Amsa: Alhaji, don Allah ka ajiye bulalar nan. Na san 'yan China na cewa ƙarƙashin sanda ake samun ɗa mai biyayya, mu ma muna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To amma yaron da ya bar abinci ya ƙaurace wa mutane, alamun ciwon damuwa yake nunawa, wayar kuwa mafaka ce kawai. Duka tsoro yake koya masa, sai ya ƙara ɓoye abin da ke cinsa. Wani nazari na 2015 ya kiyasta cewa kashi 26.6 cikin 100 na yaran China sun sha azabar duka, ya kuma danganta hakan da damuwa da yunƙurin kashe kai.

Batun makarantar horo kuwa, raina yana ɓaci duk lokacin da na ji shi. A Linyi ta lardin Shandong, wani likita mai suna Yang Yongxin ya riƙa jona wa yara lantarki a kai da sunan magani, har ma'aikatar lafiya ta hana hakan a 2009. Wannan ne magani? Kada ka kai shi. Ka kuma sani dokar hana cin zarafi a cikin gida ta fara aiki a China tun Maris 2016, kuma ta shafi yara.

Ka zauna da shi ku biyu, ka tambaye shi ko ana tsangwamarsa a makaranta, musamman kan launin fatarsa. Duba damatsansa, ko akwai tabon yanka. Tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin mutuwa. Tambayar ba ta cusa wannan tunani. Ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa na yara cikin makon nan, kuma layin wayar matasa na 12355 yana ba da shawara. In ya ambaci mutuwa, ku ɓoye magunguna da wuƙaƙe, kada a bar shi shi kaɗai, ku nufi asibiti a daren.