Tambaya da Amsa: Yaya Ake Auna Ingancin Maƙala Kan Fim ɗin Katun?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cikin masu aikin sa kai a Wikipedia ta Hausa, kuma an roƙe ni in duba wata maƙala da aka rubuta kan wani fim ɗin katun, in faɗi ko ta kai inganci. Tana da tsawo, Hausarta ba laifi, amma fiye da rabinta labarin fim ɗin ne daga farko har ƙarshe. Me ya kamata in fi lura da shi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da ya tsaya miki a rai shi ne ainihin matsalar, domin ba da labarin fim shi ne mafi sauƙin aiki ga duk wanda ya kalle shi, kuma ba shi ne ke mayar da rubutu maƙalar kundin sani ba. Ƙa'idar Wikipedia ta Turanci ta nemi taƙaitaccen labarin fim ya tsaya tsakanin kalmomi 400 zuwa 700, kuma ina ganin awo ne mai kyau ko da Hausa ake rubutu.

Inda za ki zauna ki daɗe shi ne wurin iƙirari, musamman duk jimlar da ta ƙunshi "na farko" ko "mafi girma". An sha rubuta cewa Snow White and the Seven Dwarfs, wanda kamfanin Disney ya fitar a 1937, shi ne dogon fim ɗin katun na farko a duniya, alhali kuwa Quirino Cristiani ya yi nasa a Ajantina tun 1917, sai dai gobara ta cinye shi, sannan Lotte Reiniger ta fitar da nata a Jamus a 1926, wanda har yau yana nan. Mai rubutun ba ƙarya ya yi niyya ba, ji ya yi ana faɗa ya ɗauka. Saboda haka kada ganin lambar madogara a ƙarshen jimla ya ishe ki; ki buɗe ta ki tabbatar ta faɗi abin da aka jingina mata, ki kuma duba ko jarida ce ko littafi mai mutunci, ko kuwa shafin masoya fim ɗin ne ko tallar kamfanin da ya yi shi.

Sai batun yadda aka yi fim ɗin, wanda rashinsa ya fi damuna a irin waɗannan maƙalu. A fim ɗin katun babu ɗan wasan da ya tsaya gaban kyamara, ke nan masu zane da masu sanya murya su ne suka ɗauki nauyin aikin. Maƙalar da ba ta bayyana ko da hannu aka zana shi, ko da kwamfuta, ko da 'yan tsana da ake motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto ba, ta bar abin da ya bambanta shi da sauran finafinai. Ki lura kuma kada a cakuɗa masu muryar asali da waɗanda suka sake sanya murya a wani harshe.

Ra'ayin masu sharhi a jingina shi ga mai shi, a kawo yabo a kawo suka, a cire kalmomi irin su "mai ban sha'awa ƙwarai" idan na marubucin ne. Hoton tallar fim kuwa yana da haƙƙin mallaka, don haka ki duba izininsa. Idan kin gama, ki rubuta wa marubucin gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya a shafin tattaunawa, ki ba shi 'yan kwanaki ya gyara kafin ki yanke hukunci.