Marayar giwa da nonon saniya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗalibaina sun nuna mini bidiyo a waya, wasu mutane a Kenya suna shayar da 'ya'yan giwa da kwalba. Wai marayu ne, kuma wai in sun girma ana mayar da su daji. Da gaske ne? Kuma me ya hana a ba su nonon saniya, kamar yadda muke yi wa ɗan akuya in uwarsa ta mutu?
Daga wata malamar firamare, Tudun Wada, Jihar Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Da gaske ne. Gidan rainon da ya fi suna yana cikin gandun dajin Nairobi, na gidauniyar Sheldrick, wadda Daphne Sheldrick ta kafa a 1977, shekarar da mijinta David ya mutu. Shi ne ya daɗe yana kula da dajin Tsavo ta Gabas. Akwai kuma gidan rainon Reteti a ƙasar ƙabilar Samburawa, a arewacin Kenya, wanda aka buɗe a 2016, kuma mutanen yankin ne da kansu ke tafiyar da shi. Marayun da ake kawowa, wani mafarauta sun harbe uwarsa saboda haure, wani fari ya kashe ta, wani kuma rijiya ya faɗa garke ya gaji da jira ya wuce.

Maganar nono kuwa, ni da na yi aikin malamin dabbobi a ƙauyukan Ringim, abin da hankalina ya fara ba ni ke nan, domin mun raini 'yan awaki da yawa da nonon saniya sun tashi lafiya. Amma cikin ɗan giwa ba ya narkar da maiƙon nonon saniya. Zawo yake sa shi, ya rame, ya mutu. Daphne ta shafe shekaru masu yawa tana gwaji, 'ya'yan giwa suna mutuwa a hannunta, kafin ta gano cewa madarar jarirai da aka haɗa da man kwakwa ita ce cikinsu ke karɓa. A Reteti kuma, lokacin da korona ta sa madarar gwangwani ta yi wuya, sai suka koma nonon akuya da suke saya wurin matan Samburawa, kuma ya karɓe su.

Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, ta haifi ɗa mai nauyin kusan kilo 100, kuma sai ya haura shekara 2 kafin ya iya rayuwa ba nono. Don haka ana ba shi kwalba duk bayan awa 3, dare da rana. Mai raino a ɗaki ɗaya yake kwana da shi, yana lulluɓe shi da bargo saboda sanyi na saurin kama masa huhu. Kuma ba a barin mutum ɗaya ya riƙe shi kullum, karɓa-karɓa ake yi, domin in ya shaƙu da mutum guda, ranar da ya tafi ganin gida sai ɗan giwar ya ƙi cin abinci. Wannan yana taɓa ni ƙwarai. Dabba ce da ke baƙin ciki har ya kwantar da ita.

Mayarwa daji ita ce aikin da ya fi tsawo, kuma ba kora ake yi ba. In sun yi wayo sai a kai su sansanonin Voi ko Ithumba a Tsavo. Da safe su fita kiwo tare da masu raino, su haɗu da giwayen daji a bakin ruwa, da yamma su dawo. Sannu a hankali wata ta fara kwana a waje, har ta daina dawowa. Abin yakan ci shekara 8 zuwa 10. Dalili shi ne abin da maraya ya rasa ya wuce nono: uwar garke ce ta san inda ruwa yake da rani, da hanyar da ake bi, da inda ake kauce wa mutane, kuma babu ɗan Adam da zai koya masa wannan. Wasu daga cikin giwaye mata da aka yi rainonsu sukan dawo sansani da 'ya'yan da suka haifa a daji.

Ki gaya wa ɗalibanki cewa mu ma muna da giwaye. Akwai garke a Yankari a Jihar Bauchi, kimanin 100 suka rage, kuma manoman kewayen suna kuka da ɓarnar da suke yi a gonaki. A ra'ayina kuɗin da za a kashe wajen rainon maraya ɗaya gara a kashe shi wajen biyan masu gadin daji da taimakon waɗannan manoma, uwar ta rayu ta shayar da ɗanta da kanta. In kuma wani ya taɓa cin karo da ɗan giwa shi kaɗai, kada ya matsa kusa, domin sau da yawa uwar tana nan cikin kurmi. Kada ya ba shi nono, ya hanzarta sanar da mai gari da ma'aikatan gandun daji.