Kusurwar digiri 50 ce, amma ɗalibaina suna rubuta 130

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar lissafi ce a aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Kano. Na koya wa yara sunayen kusurwoyi, sun haddace tsaf, amma da muka zo awo da furotirakta, wato robar auna kusurwa, sai lissafi ya dagule. Kusurwar da take digiri 50, rabin aji 130 suke rubutawa. Idan kuma na zana wata da dogayen layuka, sai su ce ita ce babba. Ga yara sun haura sittin, masu kayan awo ba su kai ashirin ba. Ta ina zan kamo bakin zaren?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kurakuran nan biyu uwarsu ɗaya. Yaran sun riƙe suna, amma ba su gane abin da ake aunawa ba. Kusurwa awon juyi ce, wato yawan buɗewar da ke tsakanin layi biyu da suka taso daga ɗigo guda. Tsawon layukan ba ruwansa da ita. Shawarata, ki ajiye furotirakta a aljihun tebur na darasi ɗaya cur.

Ki fara da ƙyauren aji. Ki buɗe shi kaɗan, ki ƙara, ki wangale, kina tambaya me ya canja. Ƙyauren bai ƙara tsawo ba. Sannan ki zo da kara huɗu, biyu dogaye biyu gajeru, ki haɗa kowane biyu da ƙusa a kai ɗaya kamar almakashi. Ki buɗe su daidai wa daida, ki tambayi wacce ta fi girma. Za su yi caa, su ce doguwar. Kada ki yi musu gardama, ki kira wanda ya fi kowa ɗaga murya ya ɗora gajeriyar a kan doguwar da hannunsa. Shirun da zai biyo baya ya fi bayanin rabin awa.

Daga nan kowane yaro ya yagi takarda, ko gefenta ya karkace ba komai. Ya ninke ta sau ɗaya, ya sake ninkewa yadda bakin ninkin farko zai hau kansa. Kwanar da ta fito digiri 90 ce cif, irin wadda kafinta ke dubawa da sikwaya, magini kuma ya fitar da igiya mai awon 3, 4 da 5. Kin ga ba sisin kobo, kowa ya sami ma'auni. Su bi aji da ita, su gwada kwanar allo, taga, buɗin littafi, suna raba abin da suka samu kashi uku: wadda ba ta kai takardar ba, wadda ta yi daidai, wadda ta wuce. A nan sunaye za su zauna. Ƙasa da 90 tsukakkiya ce, tsakanin 90 da 180 buɗaɗɗiya, 180 miƙaƙƙen layi, abin da ya haura 180 bai kai 360 ba kuma kusurwar baya. Sunayen Turancin da za su tarar a jarrabawa, akiyut (tsukakkiya) da obtiyus (buɗaɗɗiya) da rifileks (kusurwar baya), ki ɗora su a kan waɗannan bayan ido ya saba.

Yanzu sai furotirakta. Tana da jeren lambobi biyu, ɗaya ya taso daga dama, ɗaya daga hagu, kuma a kowane zane jimillarsu 180 ce. Shi ya sa 50 da 130 suke zaune a wuri guda, yaro ya ɗauki wadda idonsa ya fara faɗawa. Ki kafa doka: ba mai taɓa furotirakta sai ya rubuta hasashensa a gefe. Wanda ya riga ya ga kusurwar ba ta kai takardarsa ba, da wuya hannunsa ya rubuta 130. Ban yarda da a ce musu "ku karanta jeren ciki" ba, domin ranar da zanen ya juya, dokar ta rushe. Abin da za su riƙe shi ne, su nemi sifirin da ke kan layin kusurwar, su ɗora yatsa, su ƙirga goma, ashirin, talatin har su iske ɗaya layin.

Ki riƙa zagawa kina duba abu biyu. Tsakiyar furotirakta ta hau kan ɗigon da layukan suka haɗu, kuma layin sifiri ne zai kwanta a kan layin zane, ba bakin robar ba, wanda a yawancinsu ya ɗan zarce ƙasa. Idan layi ya gaza, su ƙara shi da rula. Kusurwar baya kuwa, su auna ƙaramar su cire daga 360. Kuskuren digiri ɗaya ko biyu kada ki soke shi, kaurin fensir ma yana jawo haka.

Ƙarancin kayan awo bai dame ni sosai ba. Ki zaunar da su uku-uku: ɗaya ya yi hasashe, ɗaya ya auna, na uku ya duba, sai su yi musanya.

Agogon bango ma malami ne. Tsakanin lamba da lamba digiri 30 ne, don haka kusurwar da ke tsakanin hannayen agogo a ƙarfe biyu 60 ce, ƙarfe uku 90, ƙarfe huɗu 120. Masu kaifin kai ki jefa musu uku da rabi. Za su ce 90, alhali 75 ne, tunda gajeren hannun ya riga ya yi rabin hanya zuwa huɗu. Idan wani ya tambayi dalilin 360, gadon mutanen Babila ne masu ƙirga sittin-sittin, su ne kuma suka bar mana minti 60 a awa.

Ranar ƙarshe ki fita da su fili. Daga Kano, alƙibla tana wajen digiri 68 idan aka juya daga arewa zuwa gabas. Ki nuna musu arewa da kamfas ɗin waya, ki ja layi a ƙasa, su yi hasashe, su auna 68, sannan su je su gwada da sahun masallacin makaranta.