Babur nawa naɗin farko ya rufe?

Tambaya: Ina da rumfa a Kano inda muke liƙa wa babura da A Daidaita Sahu farar leda don kada fenti ya karce. Ƙanena ke aikin, ni ina kasuwa. Aiki ba ya yankewa, amma naɗin leda biyu sun ƙare, kuɗin na uku sai da na cika daga aljihuna. Ina so in ci bashi in buɗe rumfa ta biyu ko riba za ta fito.

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye maganar rumfa ta biyu tukuna. Babur nawa naɗin farko ya rufe? Ba ka faɗa ba, kuma na tabbata ba ka sani ba.

Naɗin da aka saba shigowa da shi mita 15 ne a tsayi, faɗinsa mita ɗaya da rabi. Boxer, in tanki ne da murfin gefe da madgad, mita ɗaya ta ishe shi. Ko an yi ɓarna, bai kamata naɗi ya kasa babur 12 ba. A Daidaita Sahu kuwa ya kan ci wajen mita uku. Da wannan lissafin kaɗai za ka gane ko leda ke ɓata ko kuɗi.

Ban ce ƙanenka ɓarawo ne ba. Da hunturu ƙura kan shiga ƙarƙashin leda tun ba a gama goge ruwan sabulun ba, sai a ɓare a yar, a yanko sabuwa. Ga abokai, waɗanda ake yi wa "kawo abin da ya samu". Ga direban da bai haɗa balas ɗin ranar ba, ya ce sai Juma'a. Duk daga naɗinka suke fita, kuma babu wanda ya rubuta.

Na san wani a Zariya da ya bar wa ɗan yayarsa irin wannan rumfar. Yaron ya koma sayo ledar PVC mai araha, yana cajin kuɗin TPU, wato ledar da ta fi ta inganci da tsada. Kafin shekara rana ta mai da ita rawaya, gam ya kafe a jikin tankuna. Masu babura ba yaron suka nema ba, mai rumfa suka tsare, shi kuma kunyar yayarsa ta hana shi buɗe baki.

Sayi littafi da tef ɗin awo yau. Kowane aiki a rubuta lambar babur, mitar da aka yanka, kuɗin da aka karɓa, har wadda aka ɓata. Da yamma kai da kanka ka duba, ka auna abin da ya rage. Leda kuma kai za ka riƙa sayowa. Ƙanenka ka yanka masa kasonsa a kan kowane aiki, a gaban babbanku in da hali, don kada gobe a ce ka tozarta shi.

In naɗi na ukun ya ƙare, turo min abin da littafin ya nuna. Kafin nan kada ka karɓi bashin kowa.