Ƙwaron da ke huda ganyen wake: amsoshin wasiƙunku

Wata baiwar Allah daga Gezawa ta rubuto hankalinta a tashe. Waken da ta shuka bayan gida bai kai wata guda ba, wasu ƙananan ƙwari jajaye sun mayar da ganyen kamar rariya. Tana tambaya ko ta tuge ta sake shuka.

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, kada ki tuge. Bisa kwatancenki, wannan shi ne ƙwaron da masana ke kira Ootheca mutabilis. A cikin ƙasa yake ƙwai, tsutsarsa ta ci saiwa, babban kuma ya hau ganye. Wake na da juriya, in cin bai yi yawa ba zai sake toho. Tsiron da ganyensa ya yi dabbare-dabbare da rawaya ne za ki cire, domin ƙwaron yana yaɗa cuta daga wannan tsiro zuwa wancan. Ki daka 'ya'yan darbejiya, ki jiƙa su kwana, ki tace ki yayyafa da yamma. Ba sai kin kashe ko sisi ba.

Wani daga Bichi ya ce ko ya ninka maganin feshi don ƙwarin su mutu da wuri? Haba Malam! Ma'aunin da ke jikin kwalba ba ado ba ne. Za ka ƙona ganye, ka yi asarar kuɗi.

Sai mai tambaya ko ya sayi maganin da ake ɗurawa a robar lemo ranar kasuwa, tunda ya fi araha. Wallahi wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ba suna, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa. Wani an tsarma shi da ruwa, wani guba ce da ba ta dace da abinci ba. Sannan a yi feshi ba takunkumi, yara na wasa a gefe. Haka in an girbe, wasu su zuba Sniper ko fiya-fiya cikin buhu, alhali waken nan ne 'ya'yanmu za su ci a ƙosai da alala. Saboda yawan sinadarin dichlorvos (gubar da ke cikin Sniper) a waken ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya a 2015.

Ka je shagon kayan gona mai rajista, ka duba hatimin murfi, ka karɓi rasit. Don ajiya kuwa, ka sayi buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka shanya waken ya bushe sosai, ka ɗaure kowace leda daban. In iska ba ta shiga, ƙwarin da ke cikin buhun za su mutu ba da ɗigon magani ba. Ka hura ledar ka duba kafin ka biya, mai huji ba ta da amfani.