Yadda ake sa rediyo da jarida su ɗauki zancen sabon littafi

Malam, ka ce ƙaramin kamfaninku na ɗab'i da ke wajen Ringim zai fitar da littattafai biyu, ɗaya kan noman shinkafa na rani, ɗaya kan tarihin garinku, kana kuma neman hanyar da kafafen yaɗa labarai za su yi maganarsu, a samu masu yi musu sharhi. Allah ya sanya albarka a wannan aiki, domin irin waɗannan littattafai ne muka fi ƙaranci.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, gidan rediyo ba littafi yake nema ba, abin da zai cika shirinsa yake nema. In ka je ka ce "mun fitar da littafi, a taimaka a sanar", sashen talla za a nuna maka, a miƙo maka takardar farashi. In kuwa ka ce "ga wanda zai yi wa manoma bayanin abin da ke sa irin shinkafa ya ƙi tashi a lokacin sanyi, da yadda ake kauce masa", to ka kawo wa furodusan shirin noma abin da yake nema duk mako. A cikin hirar ne sunan littafin zai fito, ba tare da an roƙa ba. Don haka kowane littafi a ciro masa batutuwa huɗu ko biyar waɗanda kowanne zai iya ɗaukar hirar minti goma sha biyar shi kaɗai. A na shinkafa akwai zuba iri, tazarar dashe, lokacin sa taki, tsuntsaye, da lissafin man injin ban ruwa. A na tarihi akwai asalin sunayen unguwanni, tsofaffin rijiyoyi da marina, da yadda sarauta ta riƙa sauka daga gida zuwa gida.

Lokaci ma ba abin wasa ba ne. Littafin rani ya kamata ya shiga kunnen mutane tun daga kaka, Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da manomin Auyo ko Kura ke zaune yana lissafin iri da taki. In aka bari sai an yi dashe, an makara da shekara guda. Na tarihi ya fi karɓuwa dab da Sallah, lokacin da 'yan gari mazauna Kano, Kaduna da Abuja ke dawowa gida, su ne kuma masu sayen kwafi biyar biyar su raba. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, ita ma dama ce, don gidajen rediyo na neman baƙi a ranar. Ka guji watan azumi, tafsiri ya cinye fili, haka nan lokacin yaƙin neman zaɓe.

Kafin a kai ko'ina, a tabbata an karɓi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, an kuma ware kwafi uku da doka ta ce mawallafi ya ajiye a can. Idan za a sayar a Kano, a tuntuɓi hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar tun da wuri. Sannan a shirya takarda shafi ɗaya tak ga kowane littafi: suna, marubuci da abin da ya sa ya isa ya yi maganar, yawan shafuka, farashi, wuraren sayarwa, lambar waya, da sakin layi biyu kan abin da ke ciki. Shafi ɗaya, ba uku ba. Edita ba zai juya ba.

In an buga kwafi dubu, a ware talatin zuwa arba'in na 'yan jarida da masu sharhi, a buga musu hatimin "ba na sayarwa ba", a rubuta sunan duk wanda aka bai wa da ranar da aka ba shi. Ina roƙonka kada ka tura wa kowa cikakken littafin ta waya, komai amincinku. Da zarar ya shiga WhatsApp ya fita hannunka, cikin kwana biyu sai ka gan shi yana yawo kyauta. Babi ɗaya ya isa ɗanɗano.

Gidajen rediyon da za ka fara da su na kusa ne: Rediyo Jigawa, Freedom ta Dutse, Sawaba a Haɗeja, sannan na Kano irin su Rediyo Kano, Freedom, Rahama da Arewa. Wasiƙa za ta tafi da sunan shugaban tasha, amma wanda za ka nema ido da ido shi ne furodusan shirin da ya dace da littafin. Ka saurari shirin sau biyu ko uku kafin ka je, ka san sunansa da ranarsa da tsawonsa. Marubucin kuma a zauna da shi a gwada, domin masani da yawa in an sa masa makirufo sai ya koma karanto littafi, ko ya cika Turanci. Ya yi magana kamar yana bakin gona da maƙwabcinsa. A ƙarshen hira a faɗi lambar waya sannu a hankali, sau biyu, kuma wayar ta kasance da caji a hannun wanda ya san farashi da wuraren sayarwa. Kira yakan zo ne cikin awa ɗaya bayan shirin, wanda bai samu ba kuwa da wuya ya sake kira. Ka nemi a ba ka kwafin hirar, a yanka ta gutsure gutsure na minti biyu, a riƙa turawa ƙungiyoyin manoma da na 'yan gari. Mutanenmu sun fi sauraron murya a kan karanta dogon rubutu a waya.

Idan akwai kuɗin talla, gajeriya ta daƙiƙa talatin zuwa arba'in da biyar da za a maimaita mako biyu ta fi doguwa da za a sa sau biyu. A nemi lokacin da ke jikin labaran safe ko bayan magariba. A karɓi jadawalin sawa a rubuce, a kuma sa wani ya riƙa saurare yana rubutawa.

Sharhi kuwa shi ne inda aka fi yin kuskure. Ana bai wa abokin marubuci ko wanda ya rubuta gabatarwa, a ba shi littafin saura kwana uku, ya zo ya yi yabo daga bango zuwa bango. Mai karatu yana ganewa, edita ya fi shi ganewa. Mai sharhi ya zama wanda ya san fannin kuma ba ya cin abinci a hannunku. Na shinkafa a nemi gogaggen malamin gona na hukumar raya aikin gona ta Jigawa (JARDA) ko ta Kano (KNARDA), ko malami a Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗeja ko ta Audu Baƙo da ke Dambatta. Na tarihi a duba sashen tarihi na Jami'ar Bayero, ko malaman Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Sule Lamido a Kafin Hausa. A ba shi mako shida zuwa takwas, a nemi kalmomi ɗari shida zuwa ɗari takwas: me littafin ya ƙunsa, wa zai amfana, me ya kawo sabo, ina ya gaza. Abin da za a ba shi na ɗawainiya a yi maganarsa tun farko, a kuma gaya masa ladan lokacinsa ne, ba na yabo ba.

In ya gano kuskure, wannan riba ce. A littafin noma kuskuren da ya fi haɗari shi ne na awo. A rubuta buhunan taki na hekta ɗaya amma a ce eka, alhali hekta ta kusa eka biyu da rabi, sai manomi ya zuba fiye da ninki biyu, ya ƙona shukarsa da kuɗinsa. Irin wannan ba a jira bugu na biyu, ana buga 'yar takardar gyara ne a manna a cikin bangon kowane kwafi. Na tarihi kuma a kai wa hakimi da dattawan kowane gidan sarauta su gani kafin rediyo ta ji. Suna ɗaya da aka tsallake a jerin dagatai ya isa ya mayar da zancen littafi rigimar zuri'a. Idan sukar ra'ayi ce kawai, kada marubuci ya fito yana ramuwa a Facebook, ya yi godiya ya bari.

Ga jarida, Aminiya da Leadership Hausa ne na farko, Daily Trust kuma in an samu mai rubutawa da Turanci. A tura rubutun a buge, ba hoton takarda ba, a duba ƙ, ɗ da ɓ ba su rikiɗe sun zama akwatuna ba, a haɗa da hoton bango mai haske. Sharhi ɗaya jarida ɗaya. BBC da DW da RFI sai in akwai labari a ciki, misali wata tsohuwar wasiƙa ko hoto da ba a taɓa fitarwa ba.

Ƙaddamarwa taron neman gudummawa ce, ba ita ce talla ba, kuma ba duk alƙawarin da aka yi a lasifika ke zama kuɗi ba. Wakilan kafafen yaɗa labarai da suka zo jawabin babban baƙo za su ɗauka, sai fa in an miƙa wa kowannensu wancan shafi ɗaya da taƙaitaccen sharhin a hannu.

Duk wannan ba ya amfani in mutum ya ji a rediyo ya fito bai samu littafin ba. Mako guda kafin hirar farko a riga an ajiye kwafi goma goma a shagunan masu taki da maganin feshi, da wajen masu littattafai a kasuwanni: Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Gujungu da Dambatta ranar Lahadi. A yanke la'adar mai shago, a rubuta a littafi, a koma bayan mako biyu. Na nesa kuma a daidaita da direba ɗaya a tasha wanda zai riƙa kai saƙo. Mai riƙe da wayar ya ajiye littafin rubutu kusa, duk wanda ya kira ya tambaye shi garinsu da inda ya ji labari. Bayan wata ɗaya wannan littafin ne zai nuna maka tashar da za ka koma da kuɗinka, da kasuwar da za a ƙara wa kwafi.